Majigi mai bin ɗan rawa, da kalangu mai sauya launi: ta ina za a fara?

Mai Shirya Wasa:
Assalamu alaikum, malamai. Wasa ne na rawa da kalangu. Faɗin dandamali mita 8, zurfinsa mita 6, daga daɓe zuwa rufi mita 5. Abu biyu ake so: hoton da majigi ke haskawa ya riƙa bin ɗan rawa duk inda ya nufa, kuma bugun kalangu ya riƙa sauya launin hoton. Kayan da ke hannu su ne majigi ɗaya mai lumen 5,000 (ma'aunin hasken da yake fitarwa), laftof mai Windows, tsohuwar Kinect ta Xbox 360 (kyamarar gem mai gane motsin jiki), da fitilu, rabi na LED rabi masu ƙwan halojin. Ta ina za a fara, kuma me zai fi ba da wahala?

Ɗan Majigi:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a taɓa manhaja a yi lissafin haske, don nan ne aikin yake yawan mutuwa. Idan allon baya ya kai mita 6 a faɗi, tsayinsa zai zama kusan mita 3.4, wato murabba'in mita 20. Raba 5,000 gida 20, kin sami luks 250, wato ƙarfin hasken da ke sauka a kan allon. A takarda ke nan. Da zarar an saita launi yadda fatar mutum za ta fito daidai, ga ƙwai ya tsufa, ga ƙura a gilashi, abin da zai sauka a allon bai fi 160 zuwa 170 ba. Fitilun da ke haska fuskar ɗan wasa kuwa sukan kai luks 500 ko fiye.

Majigi ba ya haska baƙi. Baƙin da ke cikin hotonki shi ne duk hasken da ya riga ya zauna a kan allon. Idan fitilu suna zubo luks 50 a allon, tazarar fari da baƙi ba ta kai biyar da ɗaya ba, hoton zai fito kamar wankakken zane. In kika sauke zubowar zuwa luks 10, tazarar ta koma kusan 18 da ɗaya, da majigin nan dai ba wani ba. Don haka rage hasken da ke zuba a allo ya fi sayen babban majigi araha.

Mai Fitilu:
Haka ne. A cire fitilun gaba masu haskowa kai tsaye daga wajen 'yan kallo. A haska 'yan rawa daga gefe biyu, a ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu da gwiwa, yadda hasken zai ratsa dandamali ya mutu a ɗaya gefen. A bar tazarar mita 1.5 zuwa 2 tsakanin allo da inda rawa take tsayawa. Daɓen ma a duba shi: tayil mai sheƙi ko farin siminti zai mayar da haske kan allo, a shimfiɗa baƙar leda ta rawa ko kafet mai duhu.

Injiniya:
Malama, Kinect ɗin nan ba za ta riƙe dandamalinki ba. Ta 2010 ce, tana gani sosai ne daga santimita 80 zuwa kusan mita 4, hoto 30 a sakan. Zurfinki kaɗai mita 6 ne. Sannan da wani zane na ɗigo-ɗigon infared, wato hasken da ido ba ya gani, take auna nisa, shi kuma ƙwan halojin yawancin abin da yake fitarwa infared ne da zafi. Kina kunna halojin, ɗigon ya nutse, jikin ɗan rawa ya koma ramuka a idon na'urar. Wayarta ta USB ma ba ta wuce mita 5 sai da abin ƙara tsawo mai wuta.

Abin da ya fi dacewa shi ne kyamarar infared a rataye a sama tana kallon ƙasa, da fitilun infared masu lamba 850, irin na kyamarar tsaro, guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. A gaban gilashin kyamarar a sa matatar da ke tare hasken da ido ke gani. Dalilin matatar babba ne: idan kyamara tana ganin hoton majigi, kwamfuta za ta ɗauki hoton a matsayin motsi, ta zana wani a kansa, ta sake ganinsa, sai abin ya yi ta cin kansa. Da matata kuwa jikin mutum kawai take gani.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Kamfanin rawa na Chunky Move da ke Melbon a Ostareliya ya yi wasan Glow da shi a 2006: kyamarar infared a sama, majigi a sama, mai rawa ɗaya a kan farin daɓe, da manhajar da Frieder Weiss ya rubuta.

Mai Shirya Wasa:
Injiniya, to fitilun halojin ɗin ba za su dami wannan kyamarar ba ita ma?

Injiniya:
Za su dame ta ƙwarai. Kwamfuta tana gane mutum ne ta hanyar ɗaukar hoton dandamali babu kowa, sannan ta riƙa cire shi daga abin da take gani. Duk lokacin da halojin ya ƙaru ko ya ragu, wancan hoton na farko ya tashi aiki. Saboda haka a gaɓoɓin da ake bin ɗan rawa, LED kawai za a kunna, don kusan ba ya fitar da infared. Halojin a ajiye shi don gaɓoɓin magana.

Sai lissafin gilashin kyamara, wanda ake yawan kuskurewa. Daga mita 5, kusurwar digiri 62 za ta rufe faɗin mita 6 a daɓe. Amma kan mutum yana mita 1.7 sama da daɓe, kuma a wannan tsayin mita 4 kawai take rufewa. Ɗan rawa zai je gefe, ƙafarsa tana cikin hoto, kansa ya fita. Ki nemi gilashi mai digiri 85 ko kusa da haka, sannan a gyara lanƙwasar gefe a manhaja. A kashe duk abin da kyamarar ke yi da kanta: daidaita haske, daidaita gani, duka a kulle su da hannu.

Mai Fitilu:
Ƙari a kan maganar Injiniya. In ba a samu fitilun infared ba, halojin ɗin ma zai iya zama su. A ɗora ledar launi ta Lee mai lamba 181, shuɗi mai duhu, da mai lamba 106, ja, a gaban fitila. Tare suna tare kusan duk hasken da ido ke gani, infared ya wuce. Amma kada a wuce rabin ƙarfin fitilar, ledar tana shan zafi tana ƙonewa, kuma a bar ta a ƙarfi ɗaya daga farkon wasa har ƙarshe.

Mai Kayan Sawa:
Kada a manta da tufafi. Abin da ido ya gani baƙi ba lalle kyamarar infared ta gan shi baƙi ba. Yadi da yawa masu baƙin rini fari tas suke fitowa a cikinta, rinin baba ma yakan fito da haske fiye da yadda ake zato. A kai kowane yadi gaban kyamarar kafin a yanka shi. Shadda mai sheƙi da madubai da duwatsun ado suna tartsatsi a idon kyamara, kwamfuta ta ɗauka mutum biyu ne ko uku. In kuma ana so hoton ya sauka a jikin ɗan rawa, farar babbar riga ta auduga marar sheƙi allo ce mai kyau, musamman in ya buɗe hannuwa.

Darakta:
Ni ina da ja a kan tushen maganar. Me ya sa sai na'ura ta bi ɗan rawa? Mutum mai ido da kunne, yana zaune da yatsa a kan maɓalli, ya san rawar, ya san inda makaɗi zai karya kiɗa, ya fi kyamara sanin abin da ke zuwa. Kyamara sai abu ya faru take gani. Mutum yana ganin ɗan rawa ya ja numfashi ya san tsalle ne zai biyo. Tun 1958 Josef Svoboda da Alfréd Radok suka haɗa fim da 'yan wasa a Laterna Magika, a bajekolin duniya na Burasel, ba kyamara mai bin kowa, 'yan wasa ne suka daidaita kansu da fim. A shirya bidiyo gaɓa-gaɓa a jera, a danna a kan lokaci, 'yan kallo ba za su bambance ba.

Injiniya:
Yallabai, a wasan da aka ƙayyade kowane taku, maganarka dutse. Amma a can ɗan wasa ne yake bin fim. Rawar kalangu ba ta tafiya haka. Makaɗi yana kallon ƙafar ɗan rawa, ɗan rawa yana sauraron makaɗi, yau su ja gaɓa ta yi minti biyu, gobe ta yi huɗu. In ka ɗaure su da bidiyon da aka riga aka yanka, ka kashe abin da ya sa ake zuwa kallo. Kuma akwai abin da yatsa ba zai iya ba: zanen da ke fita daga gefen jiki yana bin siffar hannu sau 60 a sakan.

Darakta:
Na yarda da wannan ɗin. To a raba aikin. Shiga gaɓa da fita daga gaɓa na mutum ne. Abin da ke faruwa a cikin gaɓa na na'ura ne. Kada a taɓa bar wa kyamara ta yanke cewa an gama fage na biyu a shiga na uku.

Ɗan Majigi:
Wannan rabon shi ne daidai. Yanzu ga abin da zai fi ba ki wahala, Malama: jinkiri. Kowace na'ura a layin tana cin nata rabon. Kyamara mai hoto 30 a sakan tana cin milisakan 33 kafin ta miƙa hoto ɗaya. Akwatin da ke shigar da bidiyo cikin laftof ya ci hoto ɗaya ko biyu. Manhaja ta ci milisakan 17 zuwa 33. Majigi ya ci 17 zuwa 50, ya danganta da abin da aka kunna a cikinsa. In aka tara, 100 zuwa kusan 180 ne. Hannun da ke tafiyar mita 2 a sakan, a jinkirin milisakan 100 hoton yana bayansa da santimita 20. Daga kujerar ƙarshe ma ana ganin wannan.

Kada a yi hasashe, a auna. A tsaya a dandamali a tafa hannu, a ɗauka da waya a yanayin hoto 240 a sakan, yadda hannun da allon za su fito tare. A ƙirga hotuna daga haɗuwar tafi zuwa motsin allo. Kowane ɗaya milisakan 4.2 ne, 24 sun zama 100.

Wuraren ragewa: kyamara mai hoto 60 a sakan maimakon 30. A majigi a kashe gyaran karkata na cikinsa da duk wani mai santsin motsi, a zaɓi yanayin wasan gem in yana da shi. A tura masa ainihin girman hotonsa don kada ya tsaya sake aunawa. Gyaran kusurwa a yi shi a manhaja. Kyamarar tsaro mai tafiya ta intanet kuwa a bar ta, matse bidiyon da take yi kaɗai yakan wuce duk kasafin.

Darakta:
Abin da ya rage kuma a ɓoye shi da zane. Da'ira mai kaifin baki da aka ce ta zauna daidai kan mutum tana tona jinkiri. Hayaƙi, ƙura, ruwa, wutsiyar haske da ke biyo baya, waɗannan a ɗabi'arsu ma baya suke zuwa, ido ba ya tuhumarsu.

Mai Sauti:
Na zo kan kalangu. Hanya biyu ce. Ta farko faifan fiyezo mai milimita 27, wanda ke mayar da girgiza siginar lantarki, a manna shi a bakin fata kusa da kewaye, ba tsakiya ba don kada ya kashe amo. A haɗa masa rezisto mai megohm 1 tsakanin wayoyinsa biyu, da zena (abin tare wutar da ta wuce kima) mai bolt 5.1 don bugu mai ƙarfi kada ya ƙona ƙafar Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da zai karanta bugun. A rubuta iyaka, abin da bai kai ta ba a ƙyale shi. Bayan kowane bugu a rufe kunne na milisakan 30 zuwa 50, in ba haka ba karkarwar fata za ta ƙirgu bugu uku.

Matsalarta, kalangu a rataye yake a kafaɗa, makaɗi yana yawo, waya za ta harɗe shi. In aka ce a sa ESP32, wani allon irin Arduino, ya tura ta Wi-Fi, shi a zangon gigahaz 2.4 yake aiki, wanda wayoyin hannu ma ke amfani da shi, kuma ƙafarsa bolt 3.3 take ɗauka, sai a sauya zena. A gwaji komai zai tafi lafiya saboda zaure babu kowa. Ranar wasa mutum ɗari uku su shigo da wayoyi, saƙo ya fara ɓacewa.

Hanya ta biyu ita na fi so: ƙaramin makirufo marar waya a jikin kalangu, ya je miksa, a fitar da layinsa shi kaɗai zuwa laftof ta akwatin sauti. Ribarta, ba bugu kawai za ki samu ba. Kalangu magana yake yi, makaɗi yana matse tsarkiya amo ya hau, ya saki ya sauka. Manhaja za ta iya bin wannan hawa da saukar. A ɗaura ƙarfin bugu da hasken hoto, a ɗaura hawan amo da launi ko da tashin zane sama. Wanda ya san kiɗan zai ga abin da kunnensa ke ji. A tace ƙananan amo da manya don kacau-kacau na ƙafar 'yan rawa da lasifika kada su shiga, kuma a sa lambobin su riƙa hawa da sauri suna sauka a hankali cikin kamar milisakan 200, don hoton kada ya yi ta ɓari.

Mai Kula da Dandamali:
A nan akwai haɗarin da ya wuce na kayan aiki. Kalangu yana iya bugu shida ko takwas a sakan. In kowane bugu walƙiya ce a allo mai mita 6, an shiga inda ke tayar wa masu farfaɗiya ciwo. Ƙa'idar da gidajen talabijin da masu shafukan intanet ke bi ita ce kada walƙiya ta wuce uku a sakan, ja mai ƙarfi kuma ya fi haɗari. A sa wannan iyakar a cikin manhajar kanta, kada a bar ta ga hankalin mai dannawa.

Mai Shirya Wasa:
Allah ya saka da alheri. Wace manhaja ke nan, tunda Windows ce?

Injiniya:
Manhajar QLab ba ta cikin lissafi, don a Mac kawai take aiki. Isadora, wadda Mark Coniglio ya rubuta don kamfanin rawa na Troika Ranch, an gina ta ne a kan fage-fage, ana danna maɓallin tazara a wuce na gaba, kuma tana da bin motsi da sauraron sauti a ciki. Ita ta fi sauƙin koyo ga mutanen wasa. TouchDesigner ta fi ƙarfi wajen zane, ta fi wuyar koyo, kuma ta kyauta girman hotonta ba ya wuce fiksel 1280 da 1280, ba a kuma yarda a yi aikin kuɗi da ita ba. In za a haɗa biyu su yi magana, OSC, tsarin aika saƙo tsakanin manhajoji, ake amfani da shi: Isadora tana saurare a ƙofa ta 1234 in ba a sauya ba. OSC ba ya tabbatar da saƙo ya isa, don haka a ja wayar sadarwa ta Cat6, a ba kowace na'ura adireshi tsayayye, a duba katangar tsaron Windows don ita ce ke yawan tare shi.

Ɗan Majigi:
Wurin rataye majigi: a duba lambar jifa, wato mai nuna nisan da yake buƙata daga allo, a littafinsa, a ninka da faɗin allo. Mai 1.5 yana son mita 9 don ya cika mita 6, kuma daga can duk wanda ya tsaya a dandamali inuwarsa tana allo, hasken kuma yana cikin idonsa. Mai 0.5 mita 3 yake so, a rataye shi sama a tsakiyar dandamali ya harba ta saman kawuna. HDMI kada ta wuce mita 10 zuwa 15. Fiye da haka a koma HDBaseT, tsarin tura bidiyo a kan Cat6, yana kai mita 100. A ɗaura wayar ƙarfe ta biyu a jikin majigin ban da abin rataya.

In an kashe fitilu duka, majigi zai bar murabba'i mai toka-toka a allo ko da baƙi yake nunawa. In ba shi da marufi a ciki, a yi na kwali mai kauri da ƙaramar mota a gaban gilashi, da 'yar tazara saboda zafi.

Mai Fitilu:
In manhajar za ta taɓa fitilu ma, ta DMX ne, tsarin sarrafa fitilun dandamali: tasha 512 a layi ɗaya, fitila kada ta wuce 32 a jere, a toshe ta ƙarshe da rezisto mai ohm 120. Fitilar da ke ƙyaftawa ba dalili, yawanci ko babu wannan toshiyar, ko an yi amfani da wayar makirufo a madadin ta DMX.

Mai Sauti:
Wuta fa. Majigi da laftof da kyamara da suwic za su ci wat 700 ko kusa. A ba su UPS mai ƙarfin VA 1,500 zuwa 2,000, irin wanda kullum ta batir yake bi da wutar. Ƙananan na ofis sukan ƙi wutar janareta in juyinsa ya kauce daga 50 a sakan, su koma batir su yi ta kuka har su mutu a tsakiyar wasa. Majigi mai ƙwai in wuta ta yanke fankarsa ta tsaya da zafi a ciki, kuma sai ya huce kafin ya sake kamawa. A raba layinsu da na amfilifaya da na fitilu. In an haɗa laftof da miksa aka ji gurnani, akwatin DI da ake sawa a tsakaninsu, mai maɓallin ɗage ƙasa, shi ne maganinsa. Kada a karya ƙafar ƙasa ta fulogi, ita ce ke tsare ran mutum. Lokacin hunturu a wanke matatar iskar majigi kafin kowane wasa, ƙura tana toshe ta ya yi zafi ya kashe kansa.

Mai Kula da Dandamali:
Kowace gaɓa mai bin motsi a yi mata 'yar'uwa: bidiyon da aka ɗauka daga gwaji mai kyau, a ajiye a maɓalli ɗaya. Kyamara ta ɓace, a danna, wasa ya ci gaba. Maɓalli na biyu ya mayar da allo baƙi. Bangon Windows ma a mai da shi baƙi, a ɓoye gumaka, a kashe sabuntawa da barci da sanarwa, don in manhaja ta faɗi kada 'yan kallo su ga tebur ɗin laftof a bayan ɗan rawa.

Mai Shirya Wasa:
Gwaji nawa ya kamata a ware wa wannan ɓangaren?

Darakta:
Kada a jira makon ƙarshe, Malama. Ko da ƙaramin majigi ne a ɗakin gwaji, a kunna shi tun makon farko, don 'yan rawa su koyi cewa juyi a hankali yana ba da zane dabam da juyi da sauri, makaɗi kuma ya ji yadda matsa tsarkiya ke ɗaga launi. A zauren kansa a nemi kwana uku. Na farko rataya da aunawa, ba 'yan wasa: a manna tef a kusurwa huɗu na filin rawa, a daidaita abin da kyamara ke gani da inda majigi ke haskawa, mutum ɗaya ya taka kowace kusurwa a tabbatar. Na biyu gaɓa-gaɓa da fitilu da tufafin gaske. Na uku wasa cikakke a kan janareta, a daidai sa'ar da za a yi shi, saboda hasken rana ta taga ma yana ɗauke da infared. A cikin wannan gwajin a zare wayar kyamara da gangan sau ɗaya ba tare da an gaya wa mai dannawa ba, a ga sakan nawa zai ɗauka kafin ya koma bidiyon ajiya. Hoton dandamali babu kowa kuma a sake ɗaukarsa kowace rana, bayan an share daɓe, kafin a buɗe ƙofa.